Hammatar Rigar Gola

Mata biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, suka haifi masu tsaron raga, amma ɗaya kaɗai ake kira Uwar Gola. In Yaya ta ratso kasuwa sai ka ji mai nama ya ɗaga murya, "A ba Uwar Gola hanya!" Ƙanwarta kuwa Tela ce. Da Tela ta tashi, da Tela ta yi aure, da Tela aka zo mata gaisuwar mijinta. Ga shi ɗanta Dogo shi ma gola ne a ƙungiyar ƙasa, sunansa na cikin waɗanda ake kira duk lokacin da za a shiga sansani. Sai dai shi golan benci ne. Ɗan Yaya, wanda ake ce wa Mage saboda yadda yake dirowa a kan ƙafafunsa, shi ne mai raga. Dogo shi ne mai riƙe masa ruwa.

Abin da ya fi ci wa Tela rai shi ne, a tsakar gidanta aka yi golan nan biyu. Mijinta, Allah ya jiƙansa, shi ne direban motar ƙungiyar. Bai taɓa buga wa kowa ƙwallo ba, amma ya yi shekaru yana zaune a bakin fili yana kallo har abin ya shige shi. In ya dawo aiki sai ya tsayar da yaran tsakanin duron ruwa da sandar shanya, ya yi ta jefa musu ƙwallo har su koma kamar an tono su daga ƙasa. Ita ke wanke gwiwoyin, ita ke ɗinke wandunan. Yaya tana can gidanta mai tayil, ba ta son a ɓata mata fulawoyi.

Da ciwo ya kwantar da Direba, akwai wata tsohuwar safar hannu da wani golan baƙi ya taɓa ba shi, yana ji da ita kamar ransa. Ya sa aka ɗauko ta daga ƙarƙashin katifa, ya miƙa wa Mage. Ya ce hannun Dogo ya yi mata girma. Gaskiya ne, ko yatsu uku na Dogo ba sa shiga. Tela ta san gaskiya ne. Amma tana tsaye a bakin ƙofa da kofin magani a hannu lokacin da aka miƙa, kuma har yau in ta tuna sai ta ji ɗacin maganin a bakinta kamar ita ta sha.

Golan benci ba ya samun raga sai a wasan sada zumunta. Wasan neman shiga gasa ba a gwaji a cikinsa, Koci ba zai cire wanda ya saba da shi ba. Shi kuwa wasan sada zumunta, ƙasar ta daɗe ba ta ga ko ɗaya ba. Dogo ya yi ta jira har gemu ya cika masa fuska. Yanzu an yi masa tayin aiki a ɗakin ajiyar wani kamfanin siminti, ya ce wa uwarsa ya karɓa, ƙarshen wata zai fara.

"Umma, na gaji da ɗumama katako," ya ce. "Ko bencin ya san ni, in na zo har ƙara yake yi."

"Babanka ya ce sai ya gan ka a ragar ƙasa."

"Ai bai gani ba."

Ta sunkuya ta ci gaba da warware wani ɗinki da bai yi laifin komai ba.

Ana cikin haka sai ga Sakataren hukumar ƙwallo ya shigo shagonta da hantsi, yana jan buhu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Tun zamanin Direba ita ke yi wa hukumar gyaran riguna, domin ita ce ba ta tsawwala kuɗi kuma ba ta zuwa ofis yin hayaniya. Ya zube buhun a gaban keken ɗinki, ya zauna a kan kujerar masu jira ba tare da an ce ya zauna ba.

"Tela, an samu wasa."

Ƙafarta ta tsaya a kan keken. "Wane iri?"

"Na sada zumunta. Kafin ƙarshen watan nan. Ki yi mini addu'a kada in mutu kafin ranar."

"Wasa ne fa. Wasa ma sai an yi gumi haka?"

"Wasa!" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Kin taɓa ganin baƙon da sai kin biya shi kafin ya zo gidanki? Ki saya masa tikitin jirgi, shi da mai yi masa tausa da mai ɗaukar masa jaka. Ki kama masa ɗaki, ki ciyar da shi sau uku, ki ba shi na aljihu. Sannan ya shigo filinki ya zura miki ƙwallo, ki tafa masa. Manyan ƙasashe ko amsa mu ba sa yi. Wadda ta amsa, da na ji abin da take nema sai da na nemi bango na jingina. Da ƙyar muka samu wasu masu fama irin namu, su ma sai da aka yi ta ciniki kamar ana sayen akuya."

"To ai shi ke nan, an samu."

"Ina shi ke nan? Alƙalin wasa ba zai zama namu ba, ba zai zama nasu ba, sai an ɗauko shi daga wata ƙasa, shi da masu ɗaga masa tuta. Ciyawar fili ta mutu, tanka ke kawo mata ruwa, ni gidana famfo ya bushe. Ga 'yan sanda, ga motar asibiti da za ta zo ta tsaya kawai ta kalli ƙwallo a biya ta. Da rana tsaka za a buga, don in muka kunna fitilun filin nan sai mun sayar da motar ƙungiya." Ya goge fuska da hula. "Ba don mijin yayarki ba, da baƙin nan a ofishina za su kwana. Ya ba mu hawa guda na otal ɗinsa kyauta. Mutumin kirki, wallahi."

"Haka ne," in ji Tela. Ta ja zare ta tsinke shi da haƙori.

Ya zazzage buhun. Tsofaffin riguna ne, lambobinsu sun fara ɓarewa, za a sake ɗinke su. Daga ƙasa ya ciro wata leda da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Rigar gola ce sabuwa, rawaya, mai dogon hannu, har da ƙamshin kanti.

"Wannan kaɗai muka iya saya. Ki ɗinka mata lamba ɗaya. Babba muka samu, ta yi faɗi, ki ɗan rage ta. Kin san jikin yaran ai, ke kika raine su. Kuma don Allah a hankali, ita za ta kai mu har wasannin baɗi. Na ma gaya musu, duk wanda ya yi musayar riga da baƙo bayan wasa, to ya bi baƙon ya koma ƙasarsu."

"Na bencin fa?"

Ya tura mata wata da ƙafa. Baƙa ce a da, yanzu ta koma launin toka, gwiwar hannunta duk faci. Facin ma nata ne.

Da yamma Dogo ya dawo daga atisaye, ta tambaye shi ko Koci ya ce wani abu. Ya ce Koci ya ce za a gani. Tela ta san wannan za a gani. Da ita aka yi ta sallamar mijinta duk lokacin da ya nemi ƙarin albashi. Kuma wa zai ajiye ɗan mai otal a benci, alhali baƙi na kwance a kan katifun ubansa?

Kwana kaɗan bayan haka Yaya ta zo. Tun kafin ta shigo turarenta ya shigo. Ta cika ƙofar shagon, awarwaro na kaɗawa, ta ajiye wani yadi rawaya mai sheƙi a kan keken, a kan aikin da Tela ke yi.

"Ƙaramar uwar gida, ana ta fama? Ɗinki nake so na ranar wasa. Kalar rigar gola, don a san daga inda aka fito."

"Ai an sani, Yaya. Ko makaho ya sani."

"Ke dai bakinki. Auna ni, na ƙara ƙiba. Mutanen nan sun hana mu sakat, baban su Mage sai da ya sake fenti a hawan nan duka, ya sayi sababbin tawul. Wai ba sa cin mai da yawa. Ni na ce wane irin baƙo ne wannan mai zaɓen abinci a gidan kyauta?"

Tela ta zagaya tef a ƙugun yayarta, ta ja shi fiye da yadda ya kamata.

"Kai! Za ki raba ni biyu?" Yaya ta buɗe jaka ta ciro wani kati mai ruwan zinariya. "Ga naki. Rumfar manya, a inuwa, kusa da ni. Har lemo ake rabawa."

"Dogo ya ba ni tikiti."

"Na cikin rana? Ki je ki ƙone a banza? Ke wai me na yi miki ne? Ana ta shelar wasan sada zumunta a rediyo, har da mutanen da ba mu haɗa komai da su ba za a sada, ke kuwa tun da aka share makoki ba ki taka gidana ba."

"Aiki ne ya yi yawa."

Yaya ta dube ta, ta sassauta murya. "Akwai wata magana ma da yaron nan ya ce kada in gaya miki. Amma ni cikina ba ya riƙe abu."

"To ki riƙe wannan. In ya ce kada ki faɗa, kada ki faɗa."

Tela ta ɗauka wani sabon alheri ne ya same su, ko wata ƙungiyar waje ce ta aiko neman Mage, ko mota za a ba shi. Ba ta da wurin ajiye wani labarin daɗi na gidan Yaya, ko'ina ya cika. Yaya ta ɗaga kafaɗa, ta mayar da katin cikin jaka, ta fita. Turaren ya zauna a shagon har washegari.

Ta gama rigunan 'yan wasa. Ta gama na Yaya, ya yi kyau kuwa, don hannunta bai iya ɓata aiki ba ko da zuciyarta na so. Ta bar rawayar rigar sai ƙarshe.

Da safe ta ɗauke ta, hasken ƙofa na faɗowa a kan keken. Ta ɗinka lamba ɗaya a baya, tsaf, ba karkata. Ta juya rigar ciki waje, ta ja layi da alli a gefe daidai jikin Mage, jikin da ta sani tun yana tsirara a baho. Ta fara takawa daga ƙasa. Allura na tafiya, tana bin allin, har ta iso hammata.

A nan ne ya kamata ta saki layi ta fita. Direba ya sha gaya mata, yana tsaye a bayanta da kofin shayi, "Rigar gola hammata ce kawai, sauran duk ado ne. In hammata ta riƙe shi, ko tsawonsa ya kai rufi an gama da shi." Ta ji muryarsa sarai. Ƙafarta ba ta tsaya ba. Ta shiga ciki da allura kamar faɗin yatsu biyu, ta zagaye, ta dawo ta bi ta kai. Ta juya ɗaya hannun ta yi masa haka. Ta datse abin da ya yi saura da almakashi don kada wani ya ce zai saki.

Ta rataye rigar ta ja baya. Ba abin da ido zai gani. Wanda ya sa ta, hannu a ƙasa, zai ji ta zauna masa ɗas. Sai ya miƙe gaba ɗaya zai san an riƙe shi.

Ƙwallo ɗaya kawai, ta ce a ranta. Ɗaya, ko biyu. Jama'a su yi gunaguni, a tafi hutun rabin lokaci, Koci ya waiwaya ya ga akwai wani a benci. Ba kofi ake nema ba, ba wanda zai mutu. Mage yana da wasanni a gabansa har ya gaji. Su da suke da otal, da mota, da suna a kasuwa, da safar hannun mijinta, rabin wasa ɗaya ba zai rage su da komai ba.

Ranar wasa ta tafi da wuri, ta samu wuri a kan simintin da rana ta gasa. Filin bai cika ba amma an zo. Ciyawar rabi kore rabi ƙasa, tankar ruwa na fake a bayan raga. Can tsallake, a inuwa, ta hango wani abu rawaya na sheƙi a layin gaba. Ko ba a gaya mata ba, ɗinkinta ne.

'Yan wasa sun yi ɗumi da tsofaffin rigunan atisaye, don Sakatare ya hana a taɓa na wasa sai an zo fita. Suka koma ciki. Aka jima, wani mai busa ƙaho da ke kusa da ita ya gaji ya zauna. Sai ga su sun fito a layi biyu, alƙalin wasan da aka ɗauko da tsada yana gaba da ƙwallo a hannu.

Tela ta nemi rawaya a layin. Ta same ta. Amma kan da ke saman rigar ya fi na kowa tsawo.

Ta miƙe tsaye. Ta sa hannu ta kare rana. A bayan layin, wani gajere mai faɗin ƙirji yana tafe cikin rigar toka mai faci, yana tafa hannu yana yi wa jama'a alamar su tashi. Mage ne. Bai nufi benci ba sai da ya zagaya bayan raga, ya ciro tsohuwar safar Direba daga ƙugunsa, ya rataye ta a jikin ragar kamar yadda yake yi duk ranar da zai tsare gida. Ya daki ƙirjin Dogo, ya ce masa wani abu, ya tafi ya zauna.

"Yau Dogon nan ne?" in ji mutumin da ke gefenta, wani mai tumbi da rediyo a kunne. "Wai Mage ne ya je ya samu Koci da kansa, ya ce in ba a sa ɗan'uwansa ba shi ma ba zai sa takalmi ba. Yanzu suka faɗa. Uwa, zauna mana, kin tare mana."

Ta zauna. Maganar da Yaya ta zo da ita ke nan, ita kuma ta ce a riƙe.

Aka busa. Dogo na ta jan rigar ƙasa, yana juya kafaɗa. Ta san ba zai ce komai ba. Sabuwar riga ce, ranarsa ce ta farko, kuma aikin uwarsa ne. Ƙwallon farko ta zo ta ƙasa, ya durƙusa ya rungume ta, aka tafa. Ta biyu ma haka. Tela ta fara roƙon Allah a bar ƙwallo a ƙasa, ta yi ta roƙo, tana kuma fata ɗinkin ya ɓalle. Amma ta bi ta kai sau biyu, kuma ɗinkinta ba ya ɓallewa. Da wannan aka san ta.

Ba a daɗe ba wani siririn baƙo ya samu ƙwallo daga nesa, ya ɗaga kai, ya ɗauke ta sama. Ba wani bugu ba ne. Irin wadda Direba ke jefawa ce ta saman sandar shanya, Dogo na kamawa da hannu ɗaya yana hamma. Ya ja baya, ya tashi. Rigar ta ɗage har cibiyarsa ta fito, hannun ya tafi, ya tafi, ya tsaya. Ƙwallon ta shafi kan yatsunsa ta faɗa raga, kusa da safar ubansa.

Filin ya yi tsit, sannan ya fashe.

"Dogon banza!" in ji mai tumbi. "Tsawo kamar sandar lantarki, ba wuta! A sa mana Mage!"

Wasu suka ɗauka. "Mage! Mage!"

Dogo ya ciro ƙwallon daga raga. Bai kalli kowa ba. Ya ɗaga hannu sama a hankali, ya kalli hammatarsa, ya sauke.

Tela ba ta san lokacin da ta sauko ba. A ƙullin gefen zanenta akwai reza, kullum akwai, don warware ɗinki. Ta isa shingen waya, wani ɗan sanda ya tare ta da sanda.

"Ɗana ne a raga."

"Kowa ɗansa ne a raga yau. Koma."

Ta kwaɗa wa Dogo kira, hayaniya ta haɗiye muryar. Ba wata hanya sai ta rumfar manya, inda matakala ke sauka har bakin benci. Ta zagaya da gudu ta bayan fili, ta wuce masu sayar da ruwa, takalminta ɗaya ya tsinke ta cire shi ta riƙe. Mai gadin ƙofar ya ce kati. Ba kati. Ta kama ƙarfen ƙofar da hannu biyu, ta buɗe baki ta yi kiran da rabonta da shi tun suna yara, ranar da kare ya biyo ta.

"Yaya! Yayaaa!"

Rawayar nan ta layin gaba ta motsa. Yaya ta sauko tana riƙe da gefen zane, fuskarta duk damuwa.

"Lafiya? Ke kada ki damu da bakin mutane, yanzu zai warware, tsoron farko ne."

"Hammata ce," in ji Tela. Ta miƙa rezar ta tsakanin ƙarafa. "A tsaga masa. Duka biyun."

Yaya ta kalli rezar. Ta juya ta kalli fili, inda Dogo ke jan riga. A keke ɗaya uwarsu ta koya musu ɗinki, Yaya ce ma ta fara iyawa kafin ta yi aure ta bari. Ta daɗe tana kallo.

"Ba ki san shi zai sa ba," ta ce.

Tela ta ƙara tura rezar.

"Awon Mage kika yi. Kuma Mage ma ba haka hammatarsa take ba."

Mai gadi ya ce, "Uwar Gola, in buɗe mata ne?"

"A'a," in ji Yaya. Ta zare rezar daga yatsun ƙanwarta ba tare da ta taɓa su ba. "Ta tsaya nan."

Daga bayan ƙarafan Tela ta ga komai. Ta ga Yaya ta sauka matakala da ƙibarta, ba wanda ya tare ta, har wani ya kauce yana gaishe ta. Ta ga ta ja Mage gefe ta yi masa magana a kunne. Mage ya yi wa Dogo wata alama, Dogo ya zauna a ƙasa ya riƙe ƙafa kamar ta murɗe. Alƙali ya tsayar da wasa. Mai ba da magani ya ruga, Mage na biye da shi da gorar ruwa. Ya durƙusa, ya ɗaga hannun ɗan'uwansa, ya yi abin da zai yi, ya koma ɗaya gefen. A bakin fili Sakatare ya ɗora hannu biyu a ka, yana juyawa kamar wanda aka yi wa mutuwa.

Dogo ya tashi ya miƙa hannu biyu sama, har ƙarshe. Hammata biyu a buɗe, rigar na kaɗawa. Jama'a suka kwashe da dariya, wani ya ce hukuma ta sa wa gola taga. Yaya na hawowa aka fara tafa mata. "Uwar Gola! Uwar Gola ta gyara!" Ta wuce ta gaban ƙofar ba ta waiwaya ba.

Daga nan ba abin da ya sake wuce shi. Ta sama, ta ƙasa, ta kusurwa, har wadda aka buga masa daga kusa ya doke ta da tafin hannu ta haye. Mutanen da suka zage shi suka koma kiran sunansa. Tela ta kalli sauran wasan a tsaye, takalmi ɗaya a hannu, goshinta a jikin ƙarfe mai zafi. Duk ƙwallon da ya kama sai ta ji kamar ta juya ta ce wa wani, ka gani? Wanda za ta gaya wa ba ya nan. 'Yan gaba ba su rama ba. Aka tashi ɗaya da nema.

Koci ya ce wa 'yan rediyo yaron ya yi ƙoƙari, wasan sada zumunta na gaba nasa ne. Da aka tambayi Sakatare yaushe ne na gaban, ya ce a bari tukuna ya gama biyan mai tankar ruwa.

Dogo ya fara aikin siminti a ƙarshen wata, kamar yadda ya faɗa. Bai tambaye ta komai ba. Ya manna hotonsa na jarida a bangon shago, hannu a sama, hammata a yage, yana dariya. Ƙwallo ɗaya aka taɓa cin sa a rigar ƙasa, kuma Tela ta san ƙafar da ta ci. Ita ce take taka keke da ita kullum a ƙarƙashin hoton.

Mage ne ya kawo rigar gyara, domin ta koma tasa. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar kullum, ya ce Sakatare ya ce don girman Allah a ceto ta.

"Me ya sa ka ba shi ragar?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Haba Inna. Babana ɗaki ya bayar. Ni a tsakar gidanki na koyi faɗuwa."

Maganar ta yi daɗi, kuma daɗin ne ya soke ta. Har irin wannan ɗan ma Yaya ce ta haifa. Ta ɗauko tef. Kafin ta ce komai ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu sama har ya kusa taɓa rufin kwano.

"A haka za ki auna ni, Inna," ya ce, yana kallon bango.

Abin da ta datse ba ya dawowa, sai an yi ƙari. Ta duba ko'ina ba rawaya sai ragowar yadin Yaya, wanda ba a aiko an karɓa ba. Tun ranar wasan Yaya ba ta zo ba, ba ta aiko ba, ko a hanya direbanta ba ya tsayawa. Tela ta yanka ƙyalle biyu daga ragowar, masu faɗi, ta sa a hammata, ta bi ta kai sau biyu.

Ba ta jira Mage ya dawo ba. Ta ninke rigar a leda, ta rufe shago da rana tsaka, ta hau mota zuwa unguwar masu tayil. A bakin babbar ƙofar ta tsaya, fulawoyin nan sun ƙara yawa. Mai gadi ya leƙa ciki ya ɗaga murya.

"Tela ce ta zo!"

Har ta fara tunanin ajiye ledar ta juya. Sannan muryar Yaya ta fito daga can ciki, ba dariya a cikinta, amma ba a rufe take ba.

"Ka ce ta shigo. Ka duba hannunta tukuna, in da allura ta bar ta a waje."

Tela ta cire takalmi ta shiga. Labulen falon sabo ne, mai nauyi, har ƙasa. Ba ita ta ɗinka shi ba.